Yadda na zauna na auna hujjojin masu masana'antu da na masu kare kogi

Takardu biyu kwamitinmu ya miƙo min, aka ce in karanta in zo in faɗi wacce ce ke tsaye da ƙafafunta kafin ranar zaman jin ra'ayin jama'a kan sabuwar dokar dagwalon masana'antu. Ɗaya ƙungiyar masu masana'antu ce ta rubuta, ɗayar kuma ta masu rajin kare kogin ce. Masu masana'antu cewa suka yi tunda aka kafa dokar da ake aiki da ita yanzu ruwan kogin sai ƙara kyau yake, ga jadawalin awo nan shekara bayan shekara layi sai ƙasa yake yi, saboda haka dokar ta wadatar, sabuwa ba abin da zata jawo sai kashe kuɗi da sallamar ma'aikata, kuma ma wai yawancin dattin daga gonaki da gidaje yake zuwa ba daga wajensu ba. Su kuma masu kare kogi suka ce kifi na mutuwa, yaran da ke wanka a ciki na fama da ƙuraje, wani lokaci ruwan ya canza launi ya dinga wari, saboda haka dokar ta gaza, a kawo mai tsauri, wanda bai iya ba a rufe shi.

Ni dai zuciyata tun farko tana wajen kogin da mutanen da ke rayuwa da shi, wannan ba abin ɓoyewa bane, kuma shi yasa ma na ƙudurta ba zan yi wa takardarsu sassauci ba, don in ni ban gano lagonta ba lauyan kamfani zai gano shi a gaban jama'a, ranar kuma ba gyara.

Farar takarda na fara ɗauka. A kowace daga cikin takardun biyu na nemi inda aka ce "saboda haka", abin da ya zo kafinsa shi ne hujjar, abin da ya biyo baya shi ne abin da ake so in yarda da shi, sai in tambayi kaina tsakanin wannan da wancan me aka tsallake ba a faɗa ba. Da na cire ado da kalaman tada hankali da hotuna masu kyau, kowacce bata wuce 'yan layuka ba, kuma nan ne aikin ya fara.

Ta masu masana'antu, abin da ta tsallake shi ne ta ɗauka ba abin da ya canza a shekarun nan sai dokar. To wannan kuwa sai an duba. Labarin da kowa ke kawowa in ana maganar doka ta gyara kogi shi ne na Cuyahoga a birnin Cleveland na Amurka, kogin da ya kama da wuta ranar 22 ga Yuni 1969 saboda mai da tarkacen da ke yawo a samansa, aka kafa hukumar kare muhalli ta ƙasar a 1970, aka yi babbar dokar tsabtace ruwa a 1972, yau kuma kifi ya dawo. Duk gaskiya ne, amma in ka bi shi dalla-dalla zaka ga ba zare ɗaya bane. Kogin ya sha kamawa da wuta kafin nan, ta 1952 ma ta fi ta 1969 ɓarna, kuma tun 1968 mutanen birnin suka kaɗa ƙuri'a aka amince da dala miliyan 100 don gyaran ruwa, wato kafin gobarar da ta yi suna balle dokar. Sannan a shekarun 1970 da 1980 masana'antun ƙarfe na yankin sun yi ta durƙushewa, wanda ya rufe kuwa ai ba ya zubar da komai. Wasu masana tattalin arziki biyu, Keiser da Shapiro, a binciken da suka wallafa a 2019 sun tattara awon ruwa na shekaru masu yawa a faɗin Amurka, suka ga lallai gurɓata ta ragu sosai amma tun kafin 1972 take raguwa. Abin da ya burge ni a aikinsu basu tsaya nan suka ce to dokar banza ce ba, sai suka ɗauki matatun najasa na birane da suka samu tallafin kuɗi ƙarƙashin dokar, suka kwatanta ruwan da ke samansu da wanda ke gangare da su, kafin tallafin da bayansa, a nan ne tasirin ya fito fili. Irin wannan kwatancen nake nema a takardar da ke gabana, babu shi.

Sai na rubuta na nemi a bani adadin masana'antun da ke aiki a kowace shekara da yawan kayan da suke sarrafawa. Da amsar ta zo sai ga shi a daidai shekarun da layin jadawalin ya fi yin ƙasa wasu sun rufe gaba ɗaya, wasu sun rage lokutan aiki saboda kasuwa ta faɗi. Ban ce dokar bata yi komai ba fa, amma daga wannan jadawalin ba wanda zai iya ware rabon doka da rabon mutuwar kasuwa, kuma bambancin ba ƙarami bane, don in kasuwa ce ta tsabtace kogin to ranar da ta farfaɗo dagwalo zai dawo yadda yake. Na kuma tambaya ko waɗanda suka bar wajen rufewa suka yi ko ƙaura, saboda abin da ya faru a Dhaka ta Bangaladash, inda a 2017 aka kwashe majemun Hazaribagh da suka daɗe suna zuba wa kogin Buriganga dagwalo aka kai su Savar, matatar haɗin gwiwa da aka gina musu can bata yi aiki yadda ya kamata ba, sai kogin Dhaleshwari ya ɗauki nauyin. Wanda ke auna Buriganga kaɗai zai rubuta an samu sauƙi.

Daga nan na ɗauki jadawalin na kai wa wani dattijo da ya ƙare aikinsa a ɗakin gwajin ruwa har ya yi ritaya. Ya duba bai daɗe ba yace, ɗana, wannan ai ƙarfin abin a lita ɗaya suka nuna maka, ina yawan litocin? Nace Baba ɗan warware min. Yace ɗigon tawada in ka sa a kofi ruwan zai yi baƙi, in ka sa shi a duro ba zaka ga komai ba, amma tawadar ita ce dai bata ragu ba. Ya jawo biro muka yi lissafi. Kamfanin da ke zubar da lita miliyan ɗaya a rana, kowace lita da miligiram 10 na guba, kilo 10 kenan yake sakar wa kogi. In ya sirka da ruwan rijiyar burtsatse ya mayar da shi miligiram 5 a lita amma litocin suka zama miliyan uku saboda aiki ya ƙaru, a takarda ya rage rabi, a kogi kuwa kilo 15 ya zuba. Doka da ta tsaya kan ƙarfin guba a lita kawai bata ce komai kan jimilla ba, to ƙofar sirki ta bari a buɗe, kuma da na koma na karanta dokar da ake aiki da ita haka take.

Shi ne kuma ya nuna min in duba watannin da aka ɗebi samfur. Kogi da damina cike yake, duk abin da aka zuba ya narke a ruwa mai yawa, da rani kuwa ya janye, wani lokaci rabin abin da ke gudu a ciki ma dagwalon ne. Jadawalin matsakaicin shekara ya bayar, bai faɗi samfur nawa aka ɗiba da damina nawa da rani ba, kifi kuwa ba matsakaicin shekara ke kashe shi ba, mako ɗaya na tsananin rani ya isa.

Sai maganar me ma aka auna. Abubuwa uku ne a jadawalin, tsamin ruwa, da duhunsa, da abin da ake kira BOD, wato yawan iskar oksijin da ƙwayoyin halitta ke cinyewa wajen ruɓar da dattin da ke cikin ruwan, ana ajiye samfur kwana biyar a zafin digiri 20 a ga nawa ta ragu. Awo ne mai amfani, amma na datti mai ruɓewa ne. Ƙarafa masu guba irin su kuromiyom da dalma da kadmiyom da zaiba basa ruɓewa, basa fitowa a BOD, kuma ruwa zai iya zama garai-garai yana ɗauke da su. A cikin masana'antun da ke gaɓar kogin akwai majemu da masu rini da masu shafa wa ƙarfe ƙyalli, duk masu aiki da irin waɗannan sinadaran ne, amma ko layi ɗaya babu a kansu. Wallahi wannan wajen ya fi ko'ina tsaya min a rai, don ya tuna min da Minamata a Japan. Kamfanin Chisso ya shafe shekaru yana zubar da dagwalo mai zaiba a mashigin teku, mutane suna cin kifi suna shanyewa, ana haifar yara da nakasa, an gano cutar a hukumance a 1956. A 1958 kamfanin ya karkatar da magudanarsa zuwa bakin kogin Minamata, cutar ta bazu zuwa sabbin wurare. A ƙarshen 1959 sai ya kafa wani injin tace ruwa aka yi bikin buɗewa har shugaban kamfanin ya sha kofin ruwan da aka ce daga injin ya fito, jama'a suka ɗauka an gama. Daga baya ya bayyana injin baya cire zaibar, kuma dagwalon sashen da ke fitar da gubar ma ba ta cikinsa yake bi ba a lokacin. Aka ci gaba da zubawa har 1968.

Inda aka ɗebi ruwan da lokacin da aka ɗiba su ma na bi. Tun 1925 wasu masu bincike biyu, Streeter da Phelps, suka nuna a kogin Ohio cewa oksijin ba a bakin bututu take fin raguwa ba, sai dattin ya yi tafiya yana ruɓewa sannan a can gangare ruwan ya shaƙe, daga nan ya fara farfaɗowa a hankali. Kenan wanda ya ɗiba dab da bututu zai ga oksijin da sauranta, wanda ya yi nisa sosai shi ma zai ga ta dawo, matsalar tana tsakiya. Ga kuma gansakuka, da rana tana sakin oksijin da dare tana sha, awon azahar zai nuna lafiya lau, kafin asuba ne ake ganin gaskiyar lamarin. Duk samfuran da ke jadawalin a lokacin aikin ofis aka ɗebe su, alhali mutanen gaɓar kogi sun sha faɗin cewa da tsakar dare ne da kuma lokacin da ake zabga ruwan sama suke jin warin ya taso. Ana da hanyar magance wannan, injin da ke ɗan ɗiba kaɗan-kaɗan tsawon awa 24 yana haɗawa, ko mita da aka ɗaura a bakin bututu tana rubutawa ba tsayawa. Ko ita tashar awon in an san inda take ana iya yi mata dabara. Wani bincike da aka wallafa a 2020 kan ƙasar Sin ya nuna da yake ana duba sakamakon tashoshin awo wajen ƙarin girman jami'an yanki, sai suka fi matsa wa masana'antun da ke saman tashar, na gangare da ita kuwa da dagwalonsu baya bi ta gaban mita aka sassauta musu.

A ƙasan shafi da ƙananan haruffa na ga ɗakin gwajin da ya yi awon, ƙungiyar ce da kanta ta ɗauke shi ta biya shi. Ba ina cewa ƙarya suka rubuta ba, bani da wannan hujjar kuma ban faɗa a rahotona ba. Amma akwai abin da aka gwada a jihar Gujarat ta Indiya da ya kamata duk mai karanta irin wannan takarda ya sani. A can masana'anta ce ke zaɓar mai binciken da zai auna ta kuma ita ke biyansa, sai aka lura sakamakon yana yawan taruwa dab da ƙasan iyakar da doka ta sa. Masana tattalin arziki Esther Duflo da Michael Greenstone da abokan aikinsu tare da hukumar jihar suka canza tsarin a wasu masana'antu, mai bincike da ƙuri'a ake tura shi, daga asusu na tsakiya ake biyansa, kuma wani na iya biyo bayansa ya sake aunawa. Sakamakon da suka fitar a 2013 ya nuna rahotanni sun koma kusa da gaskiya, kuma masana'antun da kansu suka rage abin da suke fitarwa, ba tare da an taɓa iyakar da ke cikin dokar ba.

Toh sai na juya kan takardar masu kare kogi, na bi ta da tambayoyin nan dai ba ragi. Kifi ya mutu, wannan ba musu, ga hotuna ga shaidar masunta. Amma daga "kifi ya mutu" zuwa "masana'antu ne suka kashe shi" akwai tazara. Ruwa mai zafi baya riƙe oksijin da yawa, a digiri 20 yana ɗaukar wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi ne kawai, in ta faɗi ƙasa da 2 yawancin kifi ba zai rayu ba. In ka haɗa zafi da janyewar ruwa da najasar gari da ba a tace ba, ko ruwan farko da ya wanko kwatoci ya zuba a kogi lokaci guda, kifi zai iya mutuwa ko da duk injinan masana'antu a kashe suke. Kuma maganar gonaki da masu masana'antu suka kawo ba shaci-faɗi bane, takin zamani da ke gangarowa ta kogin Mississippi shi ne babban abin da ke haddasa wani makeken yanki a Tekun Meziko da oksijin ke ƙarewa duk bazara, kuma dokar Amurka ta 1972 bata ɗora wa ruwan da ke wankowa daga gona lasisi irin na bututun kamfani ba. Takardar 'yan uwana bata taɓo wannan ba ko kaɗan, ta bar wa abokan gardama fili. Abin da ya kamata su ce mai sauƙi ne, kowace gurɓata tana da alamarta, gona na ba da sinadaran taki da maganin ƙwari, gida na ba da najasa, amma kuromiyom mai yawa a lakar kogi ba daga gona yake zuwa ba ba kuma daga banɗaki ba. A auna sama da rukunin masana'antun a auna gangare da su a rana ɗaya, abin da ya ƙaru a tsakani an san mai shi. Haka maganar ƙurajen yara, ina jin zafinta sosai, amma kafin ta zama hujja sai an duba yaran da ke wanka a saman kogin inda dagwalo bai kai ba, in su ma suna da shi daidai wa daida to wani abu ne daban, in basu da shi magana ta yi ƙarfi.

Wani wajen da suka yi gaggawa shi ne cewa tunda har yanzu ana samun guba a jikin kifi to dokar ta gaza. Kogi yana da ajiya a ƙasansa. Kamfanin General Electric ya zubar da PCB, wani sinadari mai guba da baya ruɓewa da wuri, a kogin Hudson na jihar New York daga 1947 zuwa 1977, an ƙiyasta nauyinsa ya kai kusan tan 600. An daina zubawa amma abin ya kwanta a laka, ƙananan halittu su ci, kifi ya ci su, gubar tana taruwa tana hawa. Kamfanin ya daɗe yana gardamar cewa kogin zai warke da kansa kuma yashe shi zai tayar da gubar ne, ƙarshe aka sa shi ya yashe daga 2009 zuwa 2015, kuma har yau akwai gargaɗi kan cin kifin wajen. Wannan labarin ya taɓa ɓangarorin biyu duka. Gubar da ke jikin kifi yau tana iya zama ta shekaru talatin da suka wuce, kenan ba lallai ta nuna dokar yanzu bata aiki ba, kuma sabuwar doka kan bututu ba zata kwashe lakar ba. Haka kuma kyawun ruwan sama-sama da kamfanoni ke nunawa bai ce kifin ya zama abin ci ba. Ba ɗaya daga cikin takardun da ta auna laka ko naman kifi.

A nan na daɗe ina juya abin, don akwai haɗari a irin aikin da nake yi. In ka iya tambayoyin nan zaka iya rushe kowace hujja, kuma wanda ke amfana da rushewar kullum shi ne wanda bututunsa ke buɗe, tunda kafin a gama kawo cikakkiyar shaida shi yana ta zubawa. A Minamata shekara 12 aka yi tsakanin gano cutar da ranar da gwamnati ta fito ta ce dagwalon kamfanin ne, ana ta kawo wasu dalilai ana cewa ba a tabbatar ba tukuna, mutane kuwa suna ta kamuwa. Shi yasa a rahotona ban daidaita raunin takardun biyu ba. Masunci bashi da ɗakin gwaji, bashi da izinin shiga harabar kamfani, abin da ya gani da idonsa ya faɗa. Mai masana'anta kuwa ya san abin da ya saya na kemikal, ya san litocin da yake fitarwa, duk alƙaluman da suka ɓace a jadawalin suna cikin ofishinsa. Giɓin da ke takardar masunci na rashin hali ne, wanda ke takardar kamfani zai iya cike shi gobe in ya ga dama.

Maganar ayyukan yi ban raina ta ba, mutum ne ke bayan kowane aiki da iyalinsa. Abin da na tambaya kawai shi ne lissafin ya haɗa da masuntan da suka ajiye koma, da manoman da ke ban ruwa daga kogin, da ƙarin kuɗin da matatar ruwan sha ke kashewa, da na asibiti? Kuɗin tace dagwalo ba ɓacewa yake ba in kamfani bai biya ba, wani ne a gangare ke biya. Kotun ƙolin Indiya a 1987, a shari'ar da lauya M.C. Mehta ya shigar kan majemun Kanpur da ke zuba dagwalo a kogin Ganga, ta ce yadda ba a barin masana'antar da ta kasa biyan mafi ƙarancin albashi ta ci gaba, haka majemar da ta kasa kafa matatar farko. Na yarda da wannan. Sai dai na yarda kuma cewa ƙaramar majema ba zata iya gina abin da babban kamfani zai gina ba, dole a yi musu matata ta haɗin gwiwa a basu wa'adi na hankali, kuma a tabbatar tana aiki don kar a maimaita na Savar.

Kafin in rufe rahoton na sake komawa wajen dattijon nan na karanta masa. Yace ɗana ka bar abu ɗaya, duk sun rubuta suna da injin tace dagwalo, to ka tambaye su ina lakar? Duk injin da ke aiki da gaske dole ya tara laka, gubar da aka cire daga ruwa ai ba sama ta tashi ba, tana nan a dunƙule sai an kwashe an kai wani waje. Injin yana cin wuta yana cin kemikal, shi yasa wasu ke kunna shi ranar da inspekta zai zo kawai. Yace ka nemi takardar kuɗin wuta ta sashen, da rasit ɗin kemikal, da littafin motocin da suka kwashi laka da inda suka kai ta, waɗannan ukun in sun yi daidai da yawan aikin da kamfanin ya ce ya yi to injin na aiki.

Abin da na gaya wa kwamiti shi ne takardar masu masana'antu bata tabbatar da cewa dokar ta wadatar ba, ta masu kare kogi ma bata tabbatar da cewa rage lambar da ke cikin doka shi ne maganin ba, don in ba a bin miligiram 10 ba abin da zai sa a bi 5. Na ce mu goyi bayan sabuwar dokar amma mu nemi a sa mata iyaka kan jimillar abin da ake zubarwa a rana ba ƙarfinsa a lita kaɗai ba, a shigar da ƙarafa masu guba da laka da naman kifi cikin abin da ake aunawa, a ɗiba sama da gangare a rana ɗaya har da tsakiyar rani da tsakar dare, mai awo kuma kar kamfani ya zaɓe shi ko ya biya shi hannu da hannu, sakamakon a manna shi inda kowa zai gani. Wasu a cikinmu basu ji daɗi ba, sun so in ce a rufe kawai, mun yi doguwar gardama har wani yace na sanyaya maganar. Nace masa Yaya, in muka je da "a rufe" zasu amsa mana da jadawali mu rasa ta cewa, in muka je da waɗannan dole su kawo takardu ko su faɗa a gaban jama'a cewa ba zasu kawo ba. Ƙarshe aka amince da haka, aka raba tambayoyin tsakanin waɗanda zasu yi magana a zaman, ni aka bani ta yawan litoci da ta laka, kuma muka tura wa masu kare kogin kwafin rahoton tun kafin ranar don su gyara tasu takardar.